Bangon da Ke Gumi a Duwala

Ɗal. Shiru. Ɗal.

Ina tsintar shinkafa bayan azahar na fara jin shi daga ɗakin kwana. Na ɗauka Fanna ce ke buga cokali, sai na waiga na gan ta kwance bayana a kan tabarma. Da na shiga, na tarar ruwa ne ke ɗiga daga rufi, daidai kan murfin babbar samirar da Inna ta saya mini a kasuwar Diffa lokacin aurena. Na janye samirar, na sa bokiti a wurin, na ce a raina tol ne, kwanon rufi, ya huje, abin gyara ne. Na koma kan shinkafata.

Lokacin ba mu daɗe a Duwala ba. Baban Fanna ya riga mu zuwa da ƴan shekaru, yana kai busasshen tattasai da kanwa daga wajenmu yana sayar wa ƴan kasuwar can. Da ya ga zama ya miƙe, sai ya sayi wani tsohon gida a unguwar da ƴan arewa suka fi yawa, ya aika aka kawo mu, ni da ɗiyarmu Fanna, wadda ba ta isa shiga lakwal, wato makaranta, ba tukuna.

Gidan tun ranar farko bai kwanta mini ba. A saman kowane bango an jera bulo masu huji, kina kwance kina ganin hasken waje. Tagogin kuma na gilashi ne jere-jere kamar haƙarƙari, ko an rufe iska na ratsowa, kuma suna kallon lungun da kowa ke bi. Ni da na tashi a gidan laka mai kaurin bango, inda taga ba ta fi faifai girma ba, sai na ji kamar an ajiye ni cikin kwando a bakin hanya.

Ga kuma ruwa. A Diffa damana baƙuwa ce, a yi ta duban gabas ana addu'a, ta zo ta yi ƴan watanninta ta tafi. Shanya kuwa, kafin ki matse zane na ƙarshe na farko ya bushe. A Duwala na ga gishiri ya narke cikin gwangwani ba wanda ya taɓa shi. Ashana ta ƙi kamawa. Takalman Baban Fanna na zuwa Juma'a suka fitar da wani koren gashi. Har Alƙur'anina ya kumbura, takardunsa suka yi laushi kamar ganye. Nakan tambayi mata yaushe ruwan zai ɗauke, wata ta ce saura kaɗan, wata ta ce ai bai ma fara ba, kuma kowace da gaske take faɗa.

Tarin Fanna ya fara ne kamar mura, ya ƙi tafiya. In ta kwanta ƙirjinta na kuka kamar ɗan kyanwa. Lokotoron asibitin unguwa, wata likita mai saurin baki, ta saurari bayanta ta yi doguwar magana. Na yi koleji, ina jin faransanci, amma na Duwala gudu yake yi, kafin in kamo kan magana an kai ƙarshenta. Abin da na riƙe dai shi ne yarinyar ba ta shiri da damshi, a busar da gida.

A kwanakin ne tafiyar Baban Fanna ta taso, zai hau arewa ɗauko kaya, tafiyar da kan ci wata biyu ko fiye. Yana ɗaura jaka ya ce:

"Na bar miki abin gyara, ki nemi mai aiki. In na dawo na tarar tarin nan yana nan, Fanna za ta koma wajen Hajiya. Ba zan zuba ido ƙirjinta ya lalace ba."

Hajiya mahaifiyarsa ce, tana Diffa. Na san ba mugunta ba ce. Amma ƴaƴan da na haifa kafin Fanna ba su zauna ba, ita kaɗai Allah ya bar mini, kuma tsakanin Duwala da Diffa ba tafiyar da mace za ta ce bari in leƙa in dawo ba ce.

Maƙwabciyata Mami Odil ce ta fara kawo mini mai gyara. Kirista ce, mai tuyar fanke da wake a bakin lungu, ƙatuwar mace mai ƙatuwar murya, wadda tun zuwanmu take kirana ƙanwata. Ta shigo da wani gajeren mutum mai suna Etiyen, jiƙe sharkaf, yana warin taba. Na nuna masa inda ke ɗiga. Ko ɗaga kai bai yi sosai ba. Sai ya durƙusa ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya kanga hanci a bango yana sunsuna, ya fita ya zagaya bayan gida cikin ruwa ya dawo. Ya ce zai canza tol biyu, amma babban aikin shi ne a ɗaga daɓen ɗakin, a haƙa magudana a baya, a kuma fasa wata taga a bangon da ba shi da ita. Gobe ma zai iya farawa.

Na dube shi, na dubi ruwan da ke zuba a waje. A garinmu ba a taɓa rufin gida da damana. Ana yaɓe ne tun rani, a gyara indararo, in ruwa ya sauka kowa ya haƙura da abin da yake da shi sai kaka. Maginin da zai ce miki zai buɗe ɗaki ana ruwa, ko mahaukaci ne ko yana da wani nufi. Ga shi kuma na ce iska ta yi wa yarinya yawa, shi yana maganar ƙara taga. Na ce masa da ladabi mu bari ruwa ya ɗauke tukuna.

"Wane ruwan, Madam? Na yau, ko na bana?"

Mami Odil ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. Ni ban gane abin dariyar ba. Na ba shi shayi, na ce zan yi shawara.

Mai gyara na biyu ta hanyar matar limamin unguwa na same shi. Malam Sale sunansa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama sau uku, ya ƙi shigowa sai da na yafa mayafi, ya gaishe ni da Hausa, ya tambayi maigida da mutanen gida da gajiyar baƙunta. A Duwala aka haife shi, amma da ya ji daga inda na fito sai ya ce ai ya san tattasan bakin kogin Komadugu, babu irinsa a duniya. Hawaye suka cika mini ido. Na daɗe ban yi magana da baƙo ba tare da na fara shirya ta a kaina ba.

Duk abin da na faɗa, amsarsa ɗaya ce: yadda kika ce, Hajiya. Na ce hujojin saman bangon nan su ke shigo da iskar ruwa, a wajenmu in yaro na tari kowace kafa toshe ta ake da tsumma. Ya ce gaskiya ne, mutanen nan ba su san sutura ba. Na ce tagogin fa? Ya ce a cire a sa na ƙarfe masu rufuwa ruf. Rufi kuma ba sai an buɗe ba, kwalta zai shafa daga sama duk ranar da aka ɗan sarara.

Aka fara aiki. Na yi abin da na ga ana yi a gidanmu, na dafa wa ma'aikata abinci. Ranar farko su uku ne. Kafin mako ya ƙare, in azahar ta yi sai in ga tsakar gida ta cika, wasu ko ƙurar siminti babu a jikinsu. In na tambaya a ce wannan mai kawo yashi ne, wancan ƙanin mai kawo yashi ne. Na rasa wa zan hana, sai na ƙara tukunya. Tsofaffin tagogin gilashin kuma Malam Sale ya ce zai taimaka ya kwashe mini su kada su yanki yarinya. Daga baya na gan su a jikin wani shago kusa da masallaci, sun yi kyau ƙwarai.

Da aka gama aka shafa shuɗin fenti, gidan ya yi duhu ya yi shiru, ya zama ɗaki irin wanda na sani. Ɗigon ya tsaya. Na hura kasko na zuba turaren wutan da na zo da shi daga gida, na rufe ƙofa don ya kama, yadda Inna ke yi. Ranar na ɗauki kaset na yi wa Hajiya magana, na ce mata an gyara gida, Fanna ta ji sauƙi, kada ta damu. Na ba wani direba mai zuwa arewa.

Kaset ɗin bai isa Diffa ba, ina jin, bangon ya fara gumi.

Da farko na ɗauka fentin ne bai bushe ba. Sai ya fara kumbura yana yin ƙuraje, in na taɓa ruwa ya fito. Bayan gado wani baƙin abu ya yaɗu kamar an watsa toka. Na goge da safe, kafin kwana biyu ya dawo da ƴan uwansa. Warin ɗakin ya koma na tsohuwar rijiya, na ƙara turare, warin ya haɗu da hayaƙi ya zama wani abu na uku. Fanna ta daina kwanciya, sai a zaune take barci jingine da ni, kafaɗunta na hawa suna sauka.

Na aika wa Malam Sale. Ya zo ya duba ya ce bangon maƙwabta ne ke turo ruwa. Da na ce wannan bangon ba ya jingine da na kowa, ya ce to fentin ne na jabu, an cuce mu ni da shi. Zuwansa na uku ya rage murya ya ce tsohon mai gidan ba a san irin abin da ya binne ba, a nemi malami. Daga nan bai sake zuwa ba. Ba ɓoyewa ya yi ba, ina ganinsa a hanyar kasuwa, ya gaishe ni da fara'a ya tambayi jikin yarinya, har in rasa ta inda zan fara.

Kowa kuma da tasa shawarar. Matar liman ta ce in sa gawayi a kusurwoyi. Wata ta ce buhun gishiri. Wani dattijo mai shago ya ce duk gidajen Duwala haka suke, mutum ne ke sabawa. Na sa gawayi, na sa gishiri, na yi tofi, na zauna ina kallon bango. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne: ruwa daga sama yake zuwa, na kuma toshe sama, na toshe gefe. To ta ina?

Wata ranar ina sallar la'asar, da na yi sujada sai na ji sanyi ya ratso darduma ya taɓa goshina. Da na sallame na ɗaga ledar da aka shimfiɗa a ƙasa. Simintin baƙi ƙirin, a jiƙe. Sai na tuna gidan gwaggona a Baruwa. In Komadugu ta cika, bayan damana ta wuce da daɗewa, sama tas babu ko gajimare, ƙasan ɗakinta yakan yi sanyi, gindin bango ya canza launi, rijiyar gidan ta hauro har a ɗebi ruwa da gajeriyar igiya. Ashe a bakin kogi nake zaune, kogin ne dai ba na gani. Na gane wannan. Abin da za a yi da shi ne ban sani ba.

Washegari numfashin Fanna ya yi tsanani har muka koma asibiti aka sa mata abin shaƙa. A hanyar dawowa Mami Odil ta tare mu, ta karɓe ta daga bayana ba tare da ta tambaye ni ba, ta ce yau a ɗakinta za ta wuni. Ɗakin Mami Odil na katako ne, a ɗage kan duwatsu, ko'ina kafa, labule na kaɗawa, ana jin maganar masu wucewa kamar a ciki suke. Irin ɗakin da zan ce kada a kwantar da mai mura. Fanna ta kwanta a gadonta ƙarƙashin hoton Annabi Isa irin nasu, ta miƙe ƙafa, ta yi barci har yamma. Na zauna ina sauraron ƙirjinta ina jiran kukan, bai zo ba sai kaɗan.

Da lokacin salla ya yi, Mami Odil ta kashe rediyonta, ta share gefe guda, ta shimfiɗa mini sabon zanen da ba ta taɓa ɗaurawa ba, ta fita ta ja ƙofa. Na yi sallar ina kuka, ban san ko na godiya ba ne ko na ruɗewa.

Na roƙi Mami Odil ta nemo mini Etiyen. Ya ƙi dawowa da farko. Ya ce shi ba ya cin ragowar wani, Madam ta jira ruwa ya ɗauke. Ina jin Mami Odil daga bakin lungu tana wanke shi da yarensu, ban fahimci ko kalma ba sai sunan Fanna. Ya zo da guduma da wani babban tampol, bai gaishe ni ba. Ya ɗaure tampol ɗin bisa rufi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya hau ya fara fasa simintin da aka toshe hujojin da shi. Kowane bugu sai in ji shi a cikina. Wani guntun siminti ya faɗo ya lotsa samirar Inna, ya ce ai da na kwashe.

Ya farfasa daɓen, ya fasa bangon baya, ya haƙa rabin magudana. Sai kawai ya ɓace. Aka bar mu da rami a ɗaki, da ƙaton huji a bango, da tampol na ta kaɗawa yana tara ruwa yana juyewa. Muka koma falo da kwana, da rana kuma Fanna na wajen Mami Odil. Na ce shi ke nan, an sake yi mini, wancan da sallama wannan ba sallama. Mami Odil ta ce rasuwa aka yi masa a ƙauye, a wajensu kuwa rasuwa ba a yi mata gaggawa. Na tambaya yaushe zai dawo, ta ce in an gama. Ban san ko in yarda ba. Wajen mako biyu sai ga shi da aski ƙwal, ido ja, ya ɗauki shebur daga inda ya yar, kamar jiya ya tafi. Na yi masa ta'aziyya da faransancina na lakwal. Ya tsaya ya dube ni, ya ce uwarsa ce. Ranar ya ci tuwon da na ba shi har ya nemi ƙari.

A kan sabuwar tagar muka yi ta jayayya. Shi yana son ta faɗi, ta sauko ƙasa, ta fuskanci ta gaba, wai iska ba ta shiga ɗakin da ba ta ga hanyar fita ba. Ni kuma na ce maza na bin bayan gidan nan, ba zan zauna ana kallon gadona ba. Ya ce ba wanda ke da lokacin kallon gadona. Na ce ko ba a kalla ba ni na san ana iya kallo. A ƙarshe ya sa ni na tsaya jikin bango, ya ja layi daidai haɓata, ya ce daga nan zuwa sama, kuma zai sa katako jere a karkace, iska ta shiga ido bai shiga ba. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba.

Ba a gama ba Baban Fanna ya dawo, kuma ba shi kaɗai ba. Ya zo da yayarsa, Ya Hauwa, wadda za ta koma da Fanna. Ashe duk da kaset ɗina Hajiya ba ta yarda ba, ta ce ta ji muryata ba daidai ba.

Ya tsaya a tsakar gida yana duban tarin ɓaraguzai, da shuɗin fentin da aka kankare rabi, da hujojin da aka toshe aka kuma buɗe, da tagogin ƙarfe jingine a bango. Ya juyo gare ni.

"Maman Fanna, wanne ne gyaran a ciki?"

Na buɗe baki in yi bayani, na fara da gwaggo da rijiyar Baruwa, na ji kaina ina magana kamar mai zazzaɓi, na bari. Gaskiya ni ma ban tabbata ba. Tarin ya ragu, amma bai tafi ba. Wa ya sani ko maganin asibiti ne, ko ruwan ne ya ɗan yi sauƙi? Ya Hauwa kuwa da ta shiga ɗakin ta ji iska na ratsawa daga wannan bango zuwa wancan, sai ta riƙe baki, ta ce yarinya mai ƙirji a cikin wannan? Ta ce ko a rugar Fulani an fi haka rufin asiri. Duk abin da ta faɗa, da bakina na faɗe shi watanni kaɗan da suka wuce, kuma da ta faɗa sai na ji kamar ita ke da gaskiya. Baban Fanna ya ce in haɗa kayan yarinya, motar da za ta koma arewa tana gama lodi za su tashi. Na haɗa. Na sa har da ɗan kwanonta na shan koko.

Ya Hauwa ta koma Diffa ita kaɗai. Baban Fanna bai taɓa gaya mini abin da ya sauya masa ra'ayi ba, ni ma ban tambaya ba, kuma har muka bar Duwala bayan shekaru gindin bangon nan bai daina canza launi ba in ruwa ya yi yawa. Abin da na sani dai shi ne abin da ya faru ana gobe tafiyar.

Bayan la'asar ne, muna zaune mu duka a ɗakin, ƙullin kayan na bakin ƙofa. Fanna na barci a kan sabon daɓen, a miƙe, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci. Hadari ya taso, iska mai sanyi ta shigo ta sabuwar tagar ta ɗaga gefen zanen da na lulluɓe ta da shi. Ya Hauwa ta ce in tashi in toshe abin nan kafin ya kashe musu ɗiya. Na dubi Baban Fanna, idonsa na kan yarinyar. Na tashi, na ɗauki bargo, na fara cusa shi tsakanin katakan, ban san ko taimakonta nake ba ko cutarta.

Sai na ji an ja bakin zanena. Ta farka, idonta rabi a rufe.

"Mama, kar ki rufe. Yanzu in na ja iska, tana kaiwa har cikina."